Rawar Murya a Gaban Aji: Abin da Ke Damun Malamanmu na Gobe a Legas

Kusan duk aikin malamin firamare da baki ake yin sa. Daga ƙararrawar safe har zuwa tashi yana cikin magana: kiran suna, bayani, tambaya, raba faɗa, rarrashin mai kuka, amsa wa uwar da ta zo da ƙorafi. Yaron aji ɗaya bai iya karanta littafi da kansa ba tukuna, abin da ya ji daga bakin malami shi ne karatunsa. Idan muryar ba ta kai masa ba, ko ta kai amma a rikice, to wannan ranar ta tafi a banza, ko da malamin ya fi kowa takardu.

Duk da haka, zauna da samari da 'yan matanmu na Agege, Idi-Araba, Obalende ko Mile 12 da ke karatun malanta, ka tambaye su abin da ya fi tayar musu da hankali. Da wuya su ce jarrabawa. Ranar da za su tsaya gaban yara, mai duba yana zaune a bayan aji da biro a hannu, ita ke hana su barci. Kalamansu kusan iri ɗaya ne: "Wallahi na san darasin, amma da na miƙe sai komai ya gudu." Wata ta ce bakinta ke bushewa. Wani ya ce shi dai allo yake fuskanta har a kaɗa ƙararrawa, don kada su haɗa ido da kowa.

A wajenmu an saba sallamar wannan magana da cewa baiwa ce: wane mai baki ne, wane kuma haka Allah ya yi shi, shiru-shiru. Ban musa cewa halitta ta bambanta ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a mayar da wannan hujjar barin ɗalibi yadda yake. Tsayawa gaban jama'a aiki ne da ake koya da yawan yi, kuma matsalar yawancin ɗalibanmu ita ce ba su samu inda za su yi ta yi ba kafin ranar da za a auna su.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki, domin da yawa suna zaton ciwo ne ko wani abu aka yi musu. Idan mutum ya ga idanu sun yi masa caa, ƙwaƙwalwa takan ɗauki abin a matsayin haɗari, sai jiki ya saki sinadarin adirinalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya tsaya a ƙirji, yawu ya ragu, hannu ya ɗauki rawa. Murya kuwa a kan numfashi take tafiya, shi ya sa da numfashin ya gajarce sai ita ma ta yi ta karkarwa. Mantuwar da ake kuka da ita ma tana da dalili. Abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. In rabinsa ya tafi wajen tunanin "ko suna yi mini dariya, ko mai duba ya rubuta wani abu", sauran ba zai isa ya riƙe matakan darasi ba. Wannan yana samun limami sabon hawa mumbari, yana samun lauya a shari'arsa ta farko. Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka aike shi wajen Fir'auna, abin da ya roƙa a Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, shi ne a buɗa masa ƙirjinsa, a sauƙaƙe masa al'amarinsa, a warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Ɗalibin da ya san haka yakan daina ganin kansa a matsayin wanda aka ware da wata nakasa.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya fitar da wani bayani a 1977 kan inda mutum ke samo yardar cewa zai iya wani aiki. Ya kawo mafari huɗu, ya kuma ce wanda ya fi ƙarfi shi ne mutum ya taɓa yin abin da kansa ya ga ya yiwu. Bayansa sai ganin wani irinka ya yi, sannan ƙarfafawar baki daga wanda ka yarda da shi, sannan yadda kake fassara abin da jikinka ke yi. A lura da inda ƙarfafawar baki ta faɗo. Mu kuwa ita muka fi yawaitawa: "Ka daure, kai namiji ne", "Ki cire tsoro kawai". Ba laifi ba ne, amma ba ta tsayar da ƙafar da ke rawa. Wanda ya koyar sau talatin gaban ƙananan rukunai, ya ga yara sun gane, ya shiga aji da wata natsuwa da nasiha ba ta bayarwa.

To ina ake samun wannan yawan yin? A nan ne tsarin horon ke da giɓi. Takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a Najeriya, karatun shekara uku ne, kuma hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara ma'auninsa. A Legas akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka. A da akwai kwalejin Adeniran Ogunsanya da ke Oto-Ijanikin da ta Michael Otedola da ke Epe, wadda aka kafa a 1994 musamman domin horar da malaman firamare. A 2022 gwamnatin jiha ta haɗe su biyun suka zama Jami'ar Ilimi ta Jihar Legas. Wasu 'yan'uwanmu da ke kasuwa ko koyarwa a makarantun unguwa kuma ta cibiyoyin NTI suke bi a ƙarshen mako, wato Cibiyar Malamai ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna tun 1976. A duk waɗannan wurare manhaja ta tanadi abu biyu da suka shafi maganarmu: ƙaramar koyarwar gwaji a cikin kwaleji, da babbar koyarwar gwaji a makaranta ta gaske, wadda ɗalibai ke kira TP.

Ƙaramar koyarwar gwajin tana da asali mai kyau ƙwarai. A Jami'ar Stanford ta Amurka aka ɓullo da ita a 1963, ƙarƙashin Dwight Allen da abokan aikinsa. Ɗalibi zai koyar da ɗan gajeren darasi na minti biyar zuwa goma ga mutane kaɗan, yana gwada fasaha guda ɗaya tak, misali yadda ake buɗe darasi ko yadda ake jefa tambaya. A gaya masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya je ya gyara, sannan ya dawo ya sake koyar da wannan darasin. Sakewar nan ita ce ruhin abin, domin a nan ɗalibi ke ganin da idonsa cewa na biyu ya fi na farko. Amma inda ɗalibai suka yi yawa kuma malami ɗaya ne, sakewar ce ke fara faɗuwa. Sai a raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya tura mai bakinsa ya wakilce shi, kowa ya samu maki. Mai jin tsoro ya ɓuya a bayan mai baki har shekara ta ƙare, yana ganin ya tsira. Ranar TP kuma babu wakili. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muke yi wa waɗannan yara.

Wannan matsala ta kowa ce, Bayarabe da Ibo da Bahaushe. Sai dai namu na da ƙarin kaya a ka, kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kai.

Na farko tarbiyyarmu ce. Mun taso an koya mana cewa yaron kirki ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya sa baki in manya na magana, ba ya ɗaga murya. Kunya da kawaici ado ne, kuma ba na fatan ranar da za mu rabu da su. Amma yaron da aka shekara ashirin ana yaba masa saboda shirunsa, ba a taɓa ce masa "tashi ka yi wa baƙi bayani" ba, rana ɗaya a ce ya mallaki aji mai yara hamsin a garin da ake ɗaukar ƙasa-ƙasa da murya a matsayin rashin sanin abin yi, dole ya rikice. Mai duba da bai san al'adarmu ba yana ganin sunkuyar da kai sai ya rubuta cewa ɗalibi ba shi da ƙarfin hali, alhali girmamawa ce yaron yake yi masa. Abin da ɗalibi ke bukatar ganewa shi ne kunya tana da mahalli. A gaban mahaifinsa shi ɗa ne. A gaban aji kuwa shi ne babba, kuma kallon yaro a ido tare da kiran sunansa kulawa ce, haƙƙin yaron ne.

Ga 'yan mata abin ya ninka. Wata tun tana ƙarama ake ce mata mace ba ta ɗaga murya, har ta kai ko gaban yara 'yan shekara bakwai sai ta riƙa magana kamar mai raɗa. Ina so 'yan'uwana mata su tuna cewa koyarwa da baki gadonsu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, mata masu jagorantar 'Yan Taru, suna zagaya ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙin da suka haddace. Waɗannan mata a gaban taro suke tsayawa, kuma babu wanda ya ce sun rasa kamun kai. Firamare a yau tana matuƙar bukatar malamai mata daga cikinmu, domin akwai iyayen da hankalinsu bai kwanta da tura 'ya'yansu mata makaranta ba sai sun ga irinsu a ciki.

Na biyu shi ne harshe, kuma a ganina ya fi kowanne nauyi. Ɗalibinmu na Legas yakan yi tunani da Hausa, ya yi ciniki da Yarbanci ko Turancin buroka, sannan a aji a ce ya koyar da Turancin littafi. Wanda aka haifa a Agege galibi Yarbanci ba ya ba shi wahala, wannan kuwa babbar riba ce a jihar da ta yi doka a 2018 ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta. Wanda ya zo daga Arewa da girmansa shi ya fi shan wuya. Hausa ba ta rarrabe sautin "p" da "f" yadda Turanci ke yi, "v" kuma takan koma "b" a bakinmu. Kalma ɗaya ta kuɓuce, yara su kwashe da dariya, wani daga baya ya jefo "aboki" da irin muryar da kowa ya san ba ta abota ba ce. Daga ranar ɗalibi ya fara tauna kowace kalma kafin ya furta, ya rage magana, ya koma kwafar rubutu a allo. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kowane harshe na barin tambarinsa a Turancin mai shi. Yarbanci ba shi da "v" da "z", kuma sautin "h" na ba masu shi wahala a Turanci. Babu wanda ya tsira. Abin nema shi ne a fahimce ka, kuma sautukan da ke kawo ruɗani 'yan kaɗan ne, ana iya zama a yi ta maimaita su har harshe ya saba. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa, ɗan Isale Eko, ya jagoranci gwajin Ife da aka fara a 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma sakamakon ya nuna harshen uwa bai hana su iya Turanci ba. Don haka malamin da ya ga yaro Bahaushe ya kasa gane rabawa a lissafi, ya sunkuya ya yi masa bayani da Hausa cikin jimla biyu, bai yi abin kunya ba. Amfani ya yi da abin da abokan aikinsa ba su da shi.

Duk mai ganin harshen Bahaushe ba zai iya riƙe taro a Legas ba, ya tuna wanda aka sa wa babban dandalin tsibirin sunansa. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta. A ranar 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, shi ya yi jawabin karɓar 'yanci, kuma har yau ana tuna shi da laƙabin mai muryar zinare. Kwalejin Katsina ta yi suna wajen matsa wa ɗalibanta kan furta Turanci da kyau, sannan ya shafe shekaru yana magana gaban yara kullum kafin ya shiga majalisa. Muryar tasa ce, amma aji ne ya goge ta.

Sai kuma garin kansa. Legas gari ne mai ƙara: janareta, hon ɗin motocin haya na danfo, lasifikar masu talla, jirgin ƙasa da ke ratsa Agege, ga ajin maƙwabta da bango bai kai rufi ba. Sabon malami yakan yi zaton maganin ƙara shi ne ihu, sai ya matse maƙogwaro ya yi ta ƙwala murya, kafin sati ya zagayo ta dushe. Likitocin murya sun daɗe da sanin cewa malamai na cikin waɗanda suka fi kamuwa da ciwon murya saboda aikinsu. Ƙarfin murya daga ciki yake fitowa: a ja numfashi har ciki ya kumbura, a buɗe baki sosai, a rage sauri, a riƙa kurɓar ruwa. A kuma daina tsayawa wuri ɗaya. Malamin da ke takawa zuwa tsakiyar aji ba ya bukatar rabin ihun wanda ya maƙale a jikin allo. Yana da kyau a saba wa yara da wata alama ta yin shiru, tafi uku ko ɗaga hannu, domin a daina kashe murya wajen neman a saurara.

Akwai kuskuren da nake so a kauce masa, na ɗaukar mai yawan surutu ko mai tsawa a matsayin mai ƙarfin zuciya. Sau da yawa tsawa da bulala tsoro ne ya sake kama: malami na jin aji zai kuɓuce masa, sai ya riga shi da firgitarwa. Gwamnatin Legas ta hana duka a makarantunta, don haka wanda bai da wata dabara sai sanda ya shiga uku. Alamar malamin da ya natsu ita ce yana iya yin shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su tsallaka kan wani yaro. Da aka koya musu jira na daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara ɗaga hannu. Daƙiƙa uku ba komai ba ce a agogo, amma ga mai rawar jiki tana da tsawo ƙwarai, shi ya sa yake cike ta da surutu. Wannan ya nuna ɗalibi mai sanyin hali, in ya samu horo, yana iya fin mai baki zama malamin kirki, domin ya riga ya iya saurare. Kuma a ajin irin wannan malami ne yaro mai jin kunya ke fara buɗe baki.

Wani zai ce ai yanzu abin ya zo da sauƙi, tun da shirin EKOEXCEL da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2019 ya raba wa malaman firamare na gwamnati ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darasi a tsare, mataki bayan mataki. Gaskiya ne yana rage wa sabon malami fargabar "me zan ce bayan wannan". Amma na'ura ba ta kallon fuskar yaro ta gane ya ɓace. Wanda ya kafe ido a kanta yana karantowa da murya ɗaya ya samu sabon wurin ɓuya ne kawai, kamar yadda na da ke ɓuya a jikin allo. Sai wanda ya karanta darasin tun da dare, ya faɗe shi da bakinsa a ɗaki, zai iya ɗaga kai ya yi magana da yara.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wuraren yin atisaye suna nan a unguwanninmu, ba sai mun jira kwaleji ba. Kusan kowane lungu da Hausawa ke zaune a Legas akwai Islamiyya ta yamma ko ta Asabar da Lahadi, kuma yawancinsu na kukan ƙarancin malamai. Ɗalibin da ke shekarar farko ya je ya roƙi a ba shi minti goma sha biyar a ajin ƙanana, sau biyu a mako. Kafin TP ta zo ya tsaya gaban yara fiye da yadda zai iya ƙirgawa. Yaranmu da ke shiga musabaƙa suna zama gaban alƙalai da ɗaruruwan mutane su yi karatu ba gargada, saboda sun yi ta maimaitawa gaban malaminsu ana gyara musu. Hanyar ɗaya ce. Haka tatsuniya: wanda zai iya cewa "ga ta nan, ga ta nanku" ya riƙe ƙannensa har ƙurunƙus, yana sauya murya tsakanin Gizo da Ƙoƙi, ya riga ya san yadda ake jan hankalin yaro, saura ya kai wannan cikin darasin lissafi.

Abokai huɗu ko biyar kuma su haɗa kansu su riƙa yin ƙaramar koyarwar yadda aka tsara ta tun asali. Kowa ya koyar minti biyar, a ɗauke shi da waya, a kalla tare. Kallon kai a bidiyo yana da ɗaci a karon farko, amma yawanci mutum yakan tarar rawar da ya ji a jikinsa ba ta fito fili kamar yadda ya zata ba. A faɗa masa abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya da zai gyara, kada a wuce haka, sannan ya sake nan take. Mai i'ina ma kada a cire shi daga layi, kada kuma a riƙa ƙarasa masa kalma. A ba shi lokaci, a bar shi ya fara da ƙaramin rukuni.

Malaman da ake tura wa ɗalibai a makarantu su ma suna da rawar takawa. Wasu da ɗan TP ya iso sai su miƙa masa alli da rajista su tafi harkarsu, wasu kuma su gyara masa kuskure a gaban yara, wanda hakan ke zubar masa da ƙima a ajin har ya gama. Abin da ya dace shi ne satin farko ya zauna ya kalla, sannan a ba shi buɗe darasi kawai, sannan rabin darasi, kafin a sakar masa aji. Gyara kuma a ofis, bayan an tashi, a fara da tambayarsa yadda shi ya ga darasin ya tafi.